Neman Kusurwar Da Ta Ɓuya: Dokoki Ga Ɗaliban Tambuwal Da Kebbe

Kalkuleta kusurwa ɗaya take bayarwa, haka aka ƙera ta. Shi kuwa ikweshin mai sin ko cos ko tan, sau da yawa amsarsa biyu ce, wani sa'in huɗu, in kuma ba a yi masa iyaka ba amsoshinsa ba sa ƙarewa, domin kusurwa kewayawa take yi, duk bayan 360° ta komo inda ta faro. Maki mai yawa na zubewa a nan lokacin jarrabawar WAEC da NECO: ɗalibi ya danna maɓalli, ya kwafi lambar da ta fito, ya ja layi biyu a ƙarƙashinta, alhali rabin aikin kawai ya yi.

Ƙannena maza da mata na aji biyu da aji uku na babbar sakandare, daga Tambuwal da Dogon Daji da Jabo da Sanyinna har Kebbe da Kuchi, ga dokokin wannan babi. Babu wadda za a ɗaga wa wani a cikinsu. Aikinku kullum hawa biyu ne: ku zaƙulo duk kusurwoyin da suka cika sharaɗin ikweshin, sannan ku tace waɗanda suka dace da tambayar.

ABIN DA ZA KU YI

1. Ku fara karanta iyakar da aka ba ku.
Kafin biro ya taɓa takarda, ku nemo inda aka rubuta 0° ≤ θ ≤ 360°, ko 0° ≤ θ ≤ 180°, ko 0° ≤ θ ≤ 90°. Ku kwafe shi a saman aikinku. Iyakar ce ke faɗa muku amsa nawa ake jira. Ku lura kuma ko alamar ≤ ce ko <, domin ita ke nuna ko 0° da 360° suna ciki ko suna waje.

2. Ku ware sin ko cos ko tan shi kaɗai a gefe guda.
In an ce 2 sin θ − 1 = 0, sai ku mayar da shi 2 sin θ = 1, sannan sin θ = ½. Sai a wannan gaɓa ake neman kusurwa. Wanda ya taɓa kalkuleta kafin nan ya yi azarɓaɓi.

3. Ku zana da'ira, ku raba ta huɗu, kowane lokaci.
Ko tambayar ta yi muku sauƙi, ku zana. A rubu'i na farko, daga 0° zuwa 90°, dukkan ukun suna sama da sifiri. A na biyu, daga 90° zuwa 180°, sin kaɗai ke sama. A na uku tan kaɗai, a na huɗu cos kaɗai. Daga nan ƙa'idoji uku suka fito, kuma dole su zauna muku daram. In kusurwar da kuka fara samu ita ce α, abokiyarta a sin ita ce 180° − α, a cos 360° − α, a tan 180° + α. Don haka sin θ = ½ na ba da 30° da 150°, cos θ = ½ na ba da 60° da 300°, tan θ = 1 na ba da 45° da 225°.

4. In lamba ta zo da alamar debewa, ku ajiye alamar tukuna.
Misali sin θ = −½. Ku nemi ƙaramar kusurwar da sin ɗinta ½ ne, wato 30°. Sai ku koma da'irarku ku tambaya: a ina sin ke ƙasa da sifiri? A rubu'i na uku da na huɗu. Amsa ita ce 180° + 30° = 210° da 360° − 30° = 330°. Kalkuleta za ta nuna muku −30°. Ba ƙarya ta yi ba, amma −30° ba ta cikin iyakar 0° zuwa 360°, kuma ba ta ce komai kan 210° ba.

5. Ku haddace kusurwoyi biyar ɗin nan: 0°, 30°, 45°, 60°, 90°.
Sin ɗinsu a jere: 0, ½, √2/2, √3/2, 1. Cos ɗinsu waɗannan lambobin ne aka karanta daga ƙarshe zuwa farko. Tan ɗinsu: 0, 1/√3, 1, √3, shi kuwa tan 90° ba shi da ƙima. Ɗalibin da ya haddace izu-izu na Alƙur'ani a makarantar allo ba shi da hujjar cewa lambobi goma sha biyar sun fi ƙarfinsa.

6. In an ninka kusurwar, ku ninka iyakar kafin ku nemi amsa.
A sin 2θ = √3/2, tare da θ daga 0° zuwa 360°, ita 2θ tana tafiya ne daga 0° zuwa 720°, wato kewaye biyu. Kewayen farko na ba da 60° da 120°. Ku ƙara wa kowace 360°, ku sami 420° da 480°. Sai yanzu za ku raba biyu: θ = 30°, 60°, 210°, 240°. Wanda ya raba tun daga farko zai tashi da biyu, ya bar biyu a baya.

7. Ku mayar da ikweshin ya zama da iri ɗaya.
In sin da cos sun haɗu, makaminku shi ne sin²θ + cos²θ = 1. Ga misali: 2 cos²θ + 3 sin θ − 3 = 0. A madadin cos²θ ku sa 1 − sin²θ. Bayan gyara za ku sami 2 sin²θ − 3 sin θ + 1 = 0, wanda ke rabuwa zuwa (2 sin θ − 1)(sin θ − 1) = 0. Ɓangaren farko ya ba da 30° da 150°, na biyu ya ba da 90°. Amsa uku ke nan. Ku rubuta kowane mataki a fili, domin a takardar da ake nuna aiki hanyar ma tana da makinta.

8. Ku mayar da kowace amsa cikin ikweshin na asali.
Na asali na ce, wanda ke kan takardar tambaya, tun kafin ku sarrafa shi. In gefen hagu da na dama ba su yi daidai ba, ku soke amsar ko da kun sha wahala kafin ku same ta.

9. Ku fitar da wannan lissafi waje, ku gwada shi da rana.
Garin Tambuwal na kan kusan 12.4° arewa da layin da ya raba duniya biyu. A cikin shekara rana na karkata arewa har 23.44°, ta dawo, ta karkata kudu har 23.44°. Ana kimanta karkatarta da wannan: 23.44° × sin(360n/365), inda n ke nufin yawan kwanaki bayan 22 ga Maris. To, wace rana ce za ta tsaya cak a tsakiyar kan mutumin Tambuwal, sandar da aka kafa a miƙe ta rasa inuwa da tsakar rana? Ku daidaita karkatar da 12.4°, ku raba da 23.44, za ku ga sin na kusurwar kusan 0.529 ne. Kalkuleta za ta ce 31.9°, wato kimanin kwana 32 bayan 22 ga Maris: wajen 23 ga Afrilu, tsakiyar zafin bazara. Ɗalibin da ya tsaya nan ya ce sau ɗaya abin ke faruwa a shekara. Wanda ya zana da'ira zai ɗauko 180° − 31.9° = 148.1°, kimanin kwana 150, wajen 19 ko 20 ga Agusta, tsakiyar damina. Rana kuwa lallai sau biyu take ratsa kanmu, tana tafiya arewa da tana dawowa. Tsakanin waɗannan ranaku biyu inuwar tsakar rana kudu take faɗuwa, sauran shekara arewa. 'Yan Kebbe su nemo layin garinsu su yi nasu lissafin. A ranakun nan ne kuma lokacin La'asar ya fi sauƙin lissafi, domin a mazhabar Malikiyya yana shiga ne in inuwar abu ta kai tsawonsa bayan an cire inuwar zawali. Inuwar zawali ta zama sifiri, don haka tan na tsayin rana 1 ne, rana na 45° sama da ƙasa. Ita kuwa 225° a nan a jefar da ita, ba ta da ma'ana ga tsayin rana.

10. Ku bar yanayin tambaya ya zaɓa muku amsar ƙarshe.
Misalin da ya fi kowane nauyi gare mu shi ne alƙibla. Makka na kan kusan 21.4° arewa da 39.8° gabas, Tambuwal kuma kusan 12.4° arewa da 4.7° gabas, tazarar layukan gabas ɗinsu 35.1°. Ƙa'idar ita ce tan q = sin 35.1° ÷ (cos 12.4° × tan 21.4° − sin 12.4° × cos 35.1°), inda q ke nufin kusurwar da ake juyawa daga arewa zuwa wajen gabas. Ku lissafa, za ku sami kusan 2.78. Ikweshin ya yarda da amsa biyu, 70° da 250°. Ta farko ita ce fuskantar Ka'aba, kimanin 20° arewa da gabas sak. Ta biyu ita ce ba ta baya. A wajen tan duka biyun daidai suke, mai hankali ne ke sanin cewa Makka na gabas da mu. Kuna iya ganin amsoshin nan da idonku. Rana na tsayawa a kan Ka'aba sau biyu a shekara, 27 ko 28 ga Mayu da misalin 10:18 na safe agogon Nijeriya, da 15 ko 16 ga Yuli da misalin 10:27. In gari ba hadari, ku kafa sanda a miƙe a wannan lokaci: wajen da rana take shi ne 70°, wajen da inuwa ta kwanta shi ne 250°. Hukuncin salla na malaman fiƙihu ne. Lissafin kusurwar kuwa naku ne, kuma tsohon aiki ne a gidan Musulmi. Al-Battani, wanda ya rasu a 929, ya yi nazarin taurari a Raƙƙa. Abul Wafa, wanda ya rasu a 998, ya gyara jadawalin sin da tan a Bagadaza. Al-Biruni ya lissafa alƙiblar garin Gazna a 1025. Shamsuddin al-Khalili, mai kula da lokutan salla a masallacin Umayyawa na Dimashƙa a ƙarni na 14, ya tsara jadawalin alƙibla na wurare masu tarin yawa, duk da hannu. Duk wanda ya ce muku wannan babi baƙon ilimi ne, ku karanta masa waɗannan sunaye.

ABIN DA BA ZA KU YI BA

1. Kada ku fara aiki ba ku duba ma'aunin da kalkuleta ke kai ba.
A saman fuskarta akwai ƙaramin harafi: D na digiri, R na radiyan, G na wani ma'auni da ba ruwanku da shi. Ku danna sin 30. In ta ba da 0.5, ku ci gaba. In ta ba da −0.988, tana kan radiyan, kuma duk abin da za ta faɗa muku daga nan ɓata ne. Wanda ya ari kalkuletar wani a ƙofar ɗakin jarrabawa, wannan gwaji ya fi wajaba a kansa.

2. Kada ku raba ikweshin da sin θ ko cos θ.
Wannan shi ne laifin da ya fi ɓarna, domin mai yinsa gani yake wayo ya yi. A 2 sin θ cos θ = sin θ, ido na kai wa ga sin θ a gefe biyu, hannu na ƙaiƙayin soke su. In kun soke, cos θ = ½ zai rage, ku sami 60° da 300°, ku yi asarar 0°, 180° da 360°, kamar mai shiƙar da ta bar iska ta tafi da tsaba tare da ƙaiƙayi. Dalili shi ne sin θ na iya zama sifiri, kuma ba a raba lamba da sifiri. Ku kwaso komai gefe guda, ku fitar da abin da suka yi tarayya a kansa: sin θ (2 cos θ − 1) = 0. Ko sin θ = 0, ko cos θ = ½. Amsa biyar ce.

3. Kada ku manta tushen lamba fuska biyu gare shi.
In tan²θ = 3, to tan θ na iya zama √3, yana iya zama −√3. Na farko ya ba da 60° da 240°, na biyu 120° da 300°. Ku rubuta alamar ± tun a layin da kuka cire tushen.

4. Kada ku ninka gefe biyu da kansu ku tafi ba bincike.
A sin θ + cos θ = 1, in kowane gefe ya ninka kansa, za a sami 2 sin θ cos θ = 0, wanda ke ba da 0°, 90°, 180°, 270° da 360°. Ku gwada 180° a na asali: 0 + (−1) = −1. Ku gwada 270°: −1 + 0 = −1. Waɗannan biyun ninkin ne ya shigo da su, domin −1 da 1 abu ɗaya suke bayarwa in sun ninka kansu. Amsar gaskiya ita ce 0°, 90° da 360°.

5. Kada ku tilasta wa sin ko cos abin da ba za su iya ba.
Ƙimarsu ba ta wuce 1, ba ta gaza −1. In aiki ya kai ku ga sin θ = 2, kalkuleta za ta nuna kuskure, kuma ba lalacewa ta yi ba. Ku rubuta cewa wannan reshe ba shi da amsa, ku faɗi dalili, ku ci gaba da ɗaya reshen. Tan ne kaɗai a cikin ukun ba shi da wannan shinge.

6. Kada ku ɗauki sin a matsayin lambar da ake ninkawa.
Sin 2θ daban, 2 sin θ daban: sin 60° = 0.866, amma 2 sin 30° = 1. Haka sin (30° + 60°) = 1, alhali sin 30° + sin 60° = 1.366. Shi ma sin⁻¹ ba ya nufin 1 a raba da sin. Tambaya ce: wace kusurwa ce ke da wannan sin? Duk ƙa'idar da kuka yi shakka a kanta, ku gwada ta da 30° da 60° kafin ku dogara da ita.

7. Kada ku datse lamba a tsakiyar aiki.
In sin θ = 0.984, kusurwar 79.7° ce. In kun datse zuwa 0.98 ta koma 78.5°. In kun cike ta zuwa 1 ta zama 90°, kun kauce da fiye da digiri goma. Ku riƙe aƙalla lambobi huɗu bayan ɗigo har layin ƙarshe. Ku kuma tuna digiri ɗaya minti 60 ne: 20.5° shi ne 20°30′, wanda ya rubuta 20°50′ ya yi kuskure.

8. Kada ku amince da amsa ɗaya in kun nemi kusurwa da dokar sin a alwatika.
Ku ɗauka gona ce mai kusurwa uku a fadama. Kusurwar A 30° ce, gefen da ke kallonta mita 60, wani gefen, wanda ke kallon kusurwar B, mita 100. Dokar sin ta ba da sin B = 100 × 0.5 ÷ 60 = 0.8333. Kalkuleta ta ce 56.4°. Abokiyarta 123.6° ce, kuma ita ma ta halatta, tunda 30° da 123.6° ba su kai 180° ba. Da ta farko, kusurwa ta uku 93.6° ce, faɗin gonar kusan murabba'in mita 2,994. Da ta biyu, kusurwa ta uku 26.4° ce, faɗin kusan 1,336. Awo iri ɗaya, gonaki biyu, ɗaya ta ninka ɗaya har da ƙari. Wasunku za su zama safiyo ko injiniyoyi in sun fito daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko kwalejin kimiyya da fasaha. Ranar da aka kira ku awon filin da za a raba wa magada, kusurwar da kuka tsallake haƙƙin maraya ce. A irin wannan hali ana komawa fili a auna gefe na uku.

9. Kada ku ba da amsar da hankali ba zai ɗauka ba.
Kafinta zai yi rufin ɗaki mai faɗin mita 8, tsakiyar rufin ta ɗaga mita 1.5. Rabin faɗin mita 4 ne, tan θ = 1.5 ÷ 4 = 0.375, gangaren rufin kusan 20.6°. A nan 200.6° ba ta da wurin zama, domin kusurwa a cikin alwatika ba ta kai 180°. In kuwa 69.4° ta fito muku, kun kifar da rabon ne, kun sa 4 a sama. Ku dubi rufin kwanon makarantarku, ido ma zai gaya muku wace ce ta yi kama da gaskiya.

10. Kada ku jira amsar sata.
Wanda ya kwafi 30° daga takardar wani bai san me ya sa aka tsallake 150° ba, kuma kuskuren maƙwabcinsa ya zama nasa. Ban da haka, hukumomin jarrabawa na riƙe sakamakon wanda aka kama, su soke shi.

GA MALAMAI

Malamaina da abokan aikina, kada ku ba da cikakken maki ga amsa ɗaya inda ake neman biyu, ko da ɗalibin ya ba ku tausayi, domin mai duba takardar WAEC bai san fuskarsa ba. Ku hana karɓar aikin da babu zanen da'ira a gefensa. Rashin ɗakin gwaji ba uzuri ba ne a wannan babi: sanda mai tsawon mita ɗaya, igiyar awo da filin makaranta sun isa. Ku sa ɗalibai su auna inuwa da hantsi, da azahar, da la'asar, su lissafa tsayin rana, kowa ya rubuta amsoshin ikweshin duka biyu, sannan ya bayyana da bakinsa, da Hausa in ya fi masa sauƙi, dalilin da ya sa ya riƙe ɗaya ya saki ɗaya. Ɗalibin da ya kasa wannan bayani, a sake masa darasin kafin a wuce babi na gaba.